Hancin Malam

Jiya na ga wata ɗalibata ta kai tsohuwar ƙwaƙwalwar mutum-mutumi hanci kafin ta jona ta. Sai Malam ya faɗo mini a rai, dattijon mai gyaran rediyo da ke taimaka wa ƙungiyarmu ta yara masu haɗa mutum-mutumin lantarki a Azare.

Bai taɓa yarda da kayan kyauta ba. Ranar da wata makaranta ta aiko mana kwalin tsofaffin ƙwaƙwalen, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sansanawa. Masu dattin ya bar mana. Wadda ta fi ƙyalli ya jefa aljihu.

"Da fetur aka wanke wannan," in ji shi. "Me ake ɓoyewa?"

Ni kuwa shi na zarga, na ɗauka kayan cikinta yake so. Na ce, "Malam, ta yara ce, a ba ni." Ya miƙo mini. Ana jibi gasar da za mu shiga, na jona ta a jikin mutum-mutuminmu. Ƙauri ya cika aji, aikin wata uku na yaran ya ƙone.

Har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Allah ya sa ƙamshin Aljanna yake shaƙa, ya yafe mini mugun zaton da na yi masa.