Hannun Rigar Shehroz

Shagon ɗinkina yana kallon filin wasan kurket na unguwarmu a Faisalabad, don haka duk abin da Ustad Munawwar yake yi, a kan idona yake yinsa. Siririn mutum ne mai gyambon ciki da yawan fargaba, ko da fara'a ka gaishe shi sai ya zaci mugun labari ka kawo. Da safe gyaran fanka yake yi. Da la'asar kuma ya tara samari yana koya musu murza ƙwallo da yatsu, yadda in ta taɓa ƙasa za ta kauce ta ruɗa mai bugu.

Kayan aikinsa biyu ne, hankicinsa da almakashina. Hankicin yakan shimfiɗa shi a gaban sanduna ukun da ake kafawa a bayan mai bugu, kuma babu mai koyon sabuwar dabara sai ya iya sauke ƙwallo a kansa har ya gundura. Almakashin kuwa na hannun riga ne. Duk wanda ya zo masa da dogon hannu sai ya turo shi wurina in datse. A wasan nan, in za a saki ƙwallo, hannu a miƙe yake zagayowa. Wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu ya fizga, jifa ya yi, kuma doka ta hana. Yaranmu da suka tashi da ƙwallon tanis a lungu kusan duk da wannan lanƙwasar suke zuwa, dogon hannu kuma shi ke ɓoye ta daga idon alƙalin wasa.

Munawwar ya san zafin abin. Yana saurayi alƙali ya tsayar da shi a gaban jama'a ya ce jifa yake yi. Daga ranar aka laƙaba masa Mai Jifan Mangwaro, kuma har yau da furfurarsa akwai tsofaffin banzan da ke kiransa haka. Ni kam in na ji, raina ɓaci yake yi.

Cikin ɗalibansa babu kamar Shehroz, ɗan Haji Liyakat mai aiki a masaƙa. Ƙwallo iri biyu yake saki. Ta farko tsaf take, tana sauka a hankici ta karkato ciki. Ɗayar kuwa baya take juyawa, kuma duk unguwar babu mai iya taɓa ta, sai dai gwiwarsa tana lanƙwashewa in zai sake ta. Munawwar ya ɗaure masa tsagin gora a hannu ya ce ya gwada. Ƙwallo ta tafi samɓal, ko motsi.

"Ka gani?" in ji shi. "Ba yatsunka ne ke juya ta ba, gwiwarka ce. Ajiye ta, za mu sake gina ta sannu a hankali."

"Ustad, ranar Lahadi fa ake zaɓen 'yan wasan gunduma."

"Na sani, ɗana. Ai shi ya hana ni cin abinci."

Kowa ya san sharaɗin Haji Liyakat. In ba a ɗauki yaron ba, Litinin zai bi shi masaƙa.

Ana jibi zaɓe Haji ya shigo shagona da farin yadi, ya ce in ɗinka wa Shehroz riga mai dogon hannu, har da maɓalli a wuyan hannun.

Na ce, "Haji, ka san dokar Ustad."

"Ustad ne zai aurar masa da ƙanne? Inayat, kai tela ne ko alƙali? Yaran kulob ɗin cikin gari duk da dogon hannu suke zuwa, wa ya taɓa kwance su?"

Gaskiyarsa, tela ne ni. Na ɗinka, na rataye. Da Munawwar ya leƙo shan shayi ya gan ta, sai ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"In aka kama shi, Inayat, sunan ba ya goguwa. In kuma ya bi maganata aka ƙi ɗaukarsa, ni na kai shi masaƙa da hannuna. Wanne zan roƙar masa?"

Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

Ranar Lahadi na rufe shago na bi su babban fili. Shehroz ya fito da sabuwar rigar, maɓalli a ɗaure. Munawwar ya kasa zama, yana ta murɗa hankicin nan kamar mai matse wanki. Da aka miƙa wa yaron ƙwallo, ya tsaya ya dubi inda muke, sai ya ɓalle maɓallan, ya naɗe hannun rigar har sama da gwiwa. Haji ya dafe kai.

Ƙwallayensa suka riƙa sauka wuri guda, sai ka rantse hankicin yana nan a shimfiɗe. Amma mai bugun ba yaro ba ne, nan da nan ya gane hanya ɗaya suke karkata. Abokan Shehroz suka fara ihu daga gefe.

"Ɗayar, Shehroz! Sako masa ɗayar mana!"

Ni kaina ban ma san abin da nake so ya yi ba. Ya zo da ta ƙarshe hannu a miƙe, mai bugu ya ɗaga ta har bayan fili. Da aka kira sunaye, wani ɗan cikin gari aka ɗauka, hannun rigarsa har wuyan hannu. Haji Liyakat ya wuce ta gaban Munawwar ko kallonsa bai yi ba.

Litinin da la'asar Munawwar ya shimfiɗa hankicinsa, sauran samarin suka zo, amma idonsa yana kan titi. Haka Talata, haka Laraba. Ya daina shigowa shan shayi, ya rame har wuyansa ya fito. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Ranar Alhamis gab da magariba ina haɗa kaya, sai ga Shehroz a bakin shago, gashinsa duk ɓurɓushin auduga, idanunsa ja saboda gajiya. Ya ajiye farar rigar a kan keken ɗinkina.

"Kawu Inayat, datse min hannun."

Na ɗauko almakashi. Ta taga na hango Munawwar a fili, ya riga ya naɗe hankicinsa zai tafi gida. Da ya gane wanda ke tsaye a shagona, sai ya durƙusa ya sake shimfiɗa shi.