Buhun Iri a Tashar Jirgin Kano

Ranar Juma'a, ƙarfe biyar da kwata na asuba, muka tashi daga ƙofar gidana, ni da taubashina Iro. Liman da maƙwabta huɗu suka rako mu bakin rijiya. A shekarar da ta bi bayan babban fari ne, lokacin da gida goma sha ɗaya a unguwarmu suka cinye irin shukarsu. Ranar Laraba aka yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu sosai, ba mai abin zubawa a rami. Da yammacin Alhamis wani direba ya kawo sallahu daga Gusau: surukina, mijin 'yata ta fari, ya sa mini buhun gero a jirgin ƙasa, takardar kayan tana tafe ta gidan waya. Ban jira takarda ba. Laimar ƙasa ba ta wuce kwana huɗu.

Makoda zuwa bakin titi

Mil uku a ƙafa. Gonaki dama da hagu an share, an watsa taki, wasu mutane har sun fara saran ramuka. Wani dattijo ya ɗago daga sungumi ya ce, "Malam, a dawo da nauyi." Na ce in Allah ya yarda. Ƙarfe shida da rabi muka samu mota, kwabo arba'in kowane mutum.

Bacirawa

Ƙarfe takwas saura kwata aka tsayar da mu a shinge ana duba masu fitar da hatsi. Ɗan sanda ya ɗaga buhun da Iro ya naɗe a hammata, ya ce, "Me ke ciki?" Iro ya ce, "Ranka ya daɗe, fata nagari." Ya yi dariya ya sake mu. Mun sha koko da ƙosai a tsaye, kwabo biyar. Na hana Iro ƙari.

Tashar jirgi

Tara da minti goma muka shiga. Ban taɓa ganin mutane sun taru haka ba sai a filin idi. 'Yan cin rani masu dawowa gida da tabarmi a ka, mata zaune kan ƙunshin kaya, leburori na ta kiran a ba da hanya. Na tambayi masu kaki biyu, dukansu suka nuna mini rumfar kaya can ƙarshen dandamali. Mai gadi ya ce mutum ɗaya ke shiga a kan kaya ɗaya, kuma sha biyu daidai ake rufewa saboda masallaci, sai Litinin. Na bar Iro a waje na bi layi.

Sha biyu saura minti ashirin na isa gaban akawu. Na ajiye masa takardar harajina. Ya bi littafinsa da yatsa, ya sake bi.

"Baba, babu wannan sunan. Akwai dai buhu ɗaya daga Gusau, an rubuta Baba, Makoda."

Nan take na gane. Surukina ba ya kama sunana, ko da alƙalami. Na ce, "Ni ne. Yaron ne ba shi da wayo, ya kawo kunya inda ba wurinta ba."

Akawu ya ce, "Baban Makoda uku na gani tun jiya, kowa da rantsuwarsa. Yunwa ce, ban ga laifinsu ba. Abu ɗaya zai raba mu. Faɗa mini sunan mai aikowa. Mace ce."

Ashe sunan matarsa ya rubuta. Shekara ashirin da huɗu tun ranar sunanta bakina bai taɓa furta shi ba. Yarinyar nan nake cewa, uwarta ta ce waccan. Na waiwaya, Iro yana can bayan shingen waya, mutum ya fi talatin tsakaninmu. In na fita kiransa ya faɗa a madadina, layi ya wuce ni. Na ce wa akawu, "'Yar fari ce."

Ya ajiye alƙalami. "Na sani, Baba. Ni ma ɗan fari ne. Amma littafi bai san wannan ba. Saura minti goma sha biyu."

Wani daga bayana ya ce, "Dattijo, ko ka faɗa ko ka matsa!"

Na tuna ramukan da na baro a buɗe. Na sunkuya kusa da kunnensa na faɗa. Ya ce bai ji ba, jirgi na busa. Na faɗa da ƙarfi, har mutanen layi suka ji. Ya buga hatimi.

Komawa

Iro ya ɗauki buhu a ka. Da na gaya masa yadda aka yi, dariya ta kusa kayar da shi kan layin dogo. Ya ce, "To sake faɗa in ji ko ka iya." Mun yi sallar Juma'a a birni, ƙarfe uku muka kama mota, shida saura kwata muka iso gida. Kafin magariba liman ya auna wa kowane gida rabonsa. Asabar da hantsi an gama rufe ramuka. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa akawun nan, da yaron da na zaga a gabansa, wanda na yi wa gaggawa.

Roƙona ga mai karatu: in za ka sa wa surukinka kaya a jirgi, ba wani alƙalamin ya rubuta cikakken sunansa, kuma ka sa naka sunan a wurin mai aikowa. Kada ka tsayar da tsoho a gaban jama'a kamar yadda aka tsayar da ni.