Akwatin Simintin Kaka Nomau

Ku da kuka san Kaka Nomau, kun san ba a barin ɗanyen siminti kusa da shi. Kullum da ƙusa a bayan kunnensa. Ka shafe dakalinka, ka shiga shan ruwa, ka fito ka tarar da kifi a zane, har da ido. Kifi fa, a Matameye! Ranar da Alhaji Sani mai shago ya kama shi a kan sabon dakalinsa, ya ce, "Haba Baba, wa ya sa ka?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Da sai in bar shi fayau kamar goshinka?"

Ni jikarsa ce, amaryarsa ta wasa, don haka na fi kowa jin tarihinsa. A Damagaram ya kwaso abin. Yana saurayi ya tafi cin rani, ya koyi zanen bango wajen maginan Birni, masu yi wa gidajen attajirai adon nan da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Daga nan wani tsohon Mompe, limamin Kiristoci, ya ɗauke shi gyaran kaburburan Nasara da suka tsattsage. Shi ya nuna masa hotunan akwatunan dutse da Kiristocin farko ke binne manyansu a ciki, a wani tsohon birni na ƙasarsu. An sassaƙa musu kifi, da kurciya, da makiyayi ɗauke da rago a wuya. Kaka bai taɓa rasa sahun gaba a masallaci ba, amma hotunan nan sun zauna masa a rai.

Makiyayin ne kawai bai yarda da shi ba. Wai mai sassaƙar gwani ne, amma bai taɓa kiwo ba. Ran nan a kasuwar dabbobi gardama ta kai shi ya ce a ɗora masa rago, ya nuna yadda ake riƙe ƙafafun. Ai ko, rago na jin kansa a sama ya sakar masa fitsari tun daga ƙeya har kwankwaso. Ya tsaya yana ɗiga, ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Shi ya sa suka yi nasu da dutse."

Duk wannan dariya muke. Dariya ta ƙare bayan rasuwar kakarmu. Tsoho ya kulle kansa a can ƙuryar gida, ya zuba wani dogon akwati na siminti, ya yi masa kifi, kurciya, makiyayi, kome da kome. Innata ta kai masa fura ta same shi kwance a ciki, ya miƙe sambal, ido a rufe. Wayyo! Ƙwaryar a ƙasa ta tsinci kanta. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Daidai ni."

To, ku faɗa mini. In ya bar wasiyya a sa shi a ciki, wa zai sallace shi a akwati mai gumaka? In kuma aka ƙi, an take maganar uba. Wallahi Inna har ramewa ta yi. Ga shi ba a tambayarsa kai tsaye, sanda ce amsa. Aka turo Liman. Ya zauna a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye a kan likkafani da ƙasa, Kaka na gyaɗa kai yana cin goron da ya kawo. Da Liman ya gama sai Kaka ya ce, "Malam, karatun nan ya yi daɗi. Gobe ka dawo mu ƙarasa." Haka Liman ya yi ta dawowa. Kawunnaina da ke Kano suka riƙa zuwa bi da bi, zaure ya cika kamar gidan suna.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na ga ba sauran lokaci. Ina yi masa fifita da rana na ce, "Angona, don girman Allah, akwatin nan fa?"

"Wane akwati? Ke, komin shayar da dabbobi ne! A kai shi bakin rijiya. Mompe ya ce a can ƙasarsu ma, da aka manta da masu akwatunan nan, dawakai ke shan ruwa a ciki."

Na ajiye mafici. Na ce, "To, me ya sa ka kwanta a ciki?"

"Sanyi gare shi."

"Kai tsoho! Ka bar mu muna ta kuka, ba ka faɗa ba?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa marar haƙora, ya kama hannuna. "Da na faɗa, wa zai ci gaba da zuwa? Tun da kakarki ta tafi gidan ya yi mini faɗi."

Na fita da gudu in gaya wa Inna, ina dariya, hawaye na zuba. A farin likkafani aka kai shi, a ƙasa, kusa da iyayensa, Liman da kansa ya sallace shi.

Allah Ya jiƙan Kaka Nomau, Ya yafe masa tsoron da ya ba mu. Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanyaya shi, kada Ya bar shi shi kaɗai a ciki. Amin.