Kwamanda Levi, Mai Ƙirga Baƙinsa

Kafin masu kai taki gona su ɗora wa jakunansu mangala, Kwamanda Levi Ɗanasabe ya riga ya gama zagaya masaukinsa mai ɗaki goma da ke bakin hanyar kasuwa, can gaba kaɗan da Shanono. Yakan shafa yatsa a bakin taga ya duba, in ya ga datti, to mai shara ya shiga uku. Daga nan ya leƙa madafa ya ɗanɗana kokon da Inna Hure, mai dafa abincin gidan, ta dama, domin a wurinsa ba a ba baƙo abin da mai gida bai kai bakinsa ba. Sai ya dawo zaure ya tsaya gaban wani allon katako, ƙafafu a ware, hannuwa a baya, kamar har yanzu yana jiran ƙasa ta karkata da shi.

Shekara goma sha biyar ke nan yana wannan tsayuwa, kuma a ƙarshen watan nan zai miƙa gidan ga 'yarsa Jemima, saboda idanu sun fara gardama. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana jin ta da kunnensa. Ni Basiru ne, tsohon malamin gona. Na kwana a gidan nan fiye da yadda zan iya tunawa, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa yi masa dariya.

Ɗan manoma ne, haifaffen wata unguwa mai ƙaramin coci a tsakiyar gonakin dawa. Har ya shiga aikin sojan ruwa bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan garinsu ba. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana yawo a teku, ya fito da muƙamin hafsa. Abokan aikinsa da suka yi ritaya tare, wasu sun buɗe manyan otal a Legas da Fatakwal, wasu kamfanonin gadi, kuma sun yi ta kiransa ya zo a haɗa hannu. Shi kuwa ya tattaro ya dawo gida, ya yanki gefen gonar mahaifinsa ya gina masaukin 'yan kasuwa, da wurin alwala da ɗan masallaci a kusurwa don baƙinsa. Mu kuma muka raɗa wa gidan suna Jirgin Tudu.

Allon nan shi ne abin dariyar. Layin ƙusa biyu ne a jikinsa, na sama na waɗanda ke ciki, na ƙasa na waɗanda suka fita. Kowane baƙo yana da ɗan guntun katakonsa mai zanen zakara ko fartanya ko tulu, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Za ka fita da safe, sai ka sauko da katakonka layin ƙasa, ka faɗa wa Kwamanda ƙauyen da ka nufa da lokacin da za ka dawo. Ni nakan ce masa rajistar 'yan firamare ce. Yakan yi murmushi ya ce, "Malam Basiru, sauko da tulunka tukuna."

Amma ga masu sayen amfanin gona abin ba na wasa ba ne. Ɗan kasuwa ba ya faɗin ƙauyen da yake samun kaya da araha, ko da ɗan'uwansa ne ya tambaya. Ina zaune ranar da Alhaji Abdulkabir, babban mai sayen riɗi, ya ɗaure tabarmarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ko uwargidana ba ta san inda nake sayen riɗi ba. Kwana na zo yi, ba ɗaurin talala ba."

"Alhaji, a kunne za ka raɗa mini, kuma a nan zai mutu," in ji Kwamanda. "Amma ba zan kwantar da mutum a ƙarƙashin rufina ban san inda zan neme shi ba."

Alhaji ya tafi, ya kuma ja mutum huɗu. Damina biyu gidan yana rabi fanko. Matarsa, Mama Dorathy, ta yi magana har ta gaji, ni ma na sa baki na ce ya cire allon nan ya huta. Ya saurare mu tsaf, ya gode, washegari ya sake fentin katakan.

Sai ranar wata Talata a watan Agusta na 2014. Akwai wani baƙo, Kamaruddeen, magidanci mai sayen ƙwan zabi daga rugage yana kaiwa Kano. Ya fita da babur da kwanduna biyu, ya ce gabas ya nufa, zai dawo da azahar. Da hantsi aka tsuge da ruwa irin wanda ke kwantar da gero. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, kowa ya dawo yana shanya riga, katakon zakara kaɗai ke rataye a layin ƙasa.

Na ce, "Kwamanda, ya fake ne a wani wuri. Mutum da gemunsa."

Ya ce, "Tada babur."

Muka yi gabas, ni ke tuƙi yana bayana da naɗin igiya a kafaɗa. Ƙauye uku muka tambaya, ba wanda ya ga mai ƙwai, ba ranar ba, ba ma a makon ba. Muka dawo a jiƙe, ina ta mita. Inna Hure ce ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Baba Kwamanda, wannan mutumin fa kullum jar laka ce a tayarsa. Ni nake share inda yake ajiye babur. Jar laka kuwa sai mashigin rafin yamma." Ashe Kamaruddeen ɓoye rugarsa yake yi, kullum ya ce gabas ya yi yamma.

Kwamanda ya ɗauki jarkoki biyu da ba komai a ciki, ya toshe bakinsu, muka juya. Rafin da yara ke tsallakewa da rani ya zama wani abu daban, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. A tsakiyarsa, kan wani ɗan tudu da ruwa ya riga ya shanye, akwai bishiyar kanya, a cikin rassanta kuma ga mutum a maƙale. Babur da kwanduna sun daɗe da tafiya. Muryarsa ta dushe don ihu, ga ƙarar ruwa, ga gonaki duk an watse saboda ruwan sama.

Abin da na gani a ranar ba zan manta ba. Dattijo mai shekara sittin ya tuɓe riga, ya ƙulla igiya a gindin ɗorawa da wani irin ƙulli da ban taɓa gani ba, ya ɗaura jarkokin a ƙirji. Na ruga wata unguwa na kirawo maza shida, har da mai unguwa. Ya jera mu a kan igiyar yana ba da umarni da wata murya da ba mu san yana da ita ba, har mai unguwa ya riƙa cewa "to, ranka ya daɗe" ba tare da ya sani ba. Bai shiga daidai bishiyar ba, sai da ya haura sama sosai, ya bar ruwan ya kawo shi. Sau biyu yana wucewa muna janyo shi. A na uku ya kama reshe.

Kamaruddeen ya faɗa mana daga baya cewa abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi maka." Kwamanda ya ce, "Na sani. Ɗaga hannunka in ɗaura." Ana kiran magariba muka fito da su biyun. Da muka koma washegari, kanyar ba ta nan.

Kai ne, Kwamanda, ka mai da katakon zakara layin sama da hannunka, sannan ka ce a ba mutumin tuwo mai zafi, kuma kada wanda ya yi masa faɗa. Namijin duniya, ba ka taɓa ba da labarin nan da bakinka ba. Mu ne muka yaɗa shi kasuwa kasuwa, har Alhaji Abdulkabir ya dawo da tabarmarsa, ya sunkuya ya raɗa maka sunan ƙauyensa, kuma har yau ba wanda ya ji shi daga gare ka.

Bayan kaka muna zaune muna ɓarar gyaɗa na tambaye shi abin da ya sa ya gwammace gidansa ya zama fanko da ya cire allo. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa.

"Muna teku," in ji shi, "kwana tara ba mu ga ƙasa ba. Ni ke da ƙirgar mutanen jirgi da yamma. Na kira sunan wani abokin aikinmu, Mudassir, sai wani ya ce yana ɗakin inji. Na gaji, ban je na ga fuskarsa ba, na ce mun cika. Da safe babu Mudassir. Muka juya jirgi, kwana biyu muna nema, ko hularsa ba mu gani ba. Ni na kai wa mahaifiyarsa akwatinsa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, 'Ɗana, duk yawanku ba wanda ya lura ba ya nan?' Malam Basiru, shekara talatin ke nan ban samo abin da zan ce mata ba."

Ban sake kiran allon nan rajista ba.

Ina kewar waɗancan shekarun, ba zan ɓoye ba. Yanzu kowa da waya a aljihu, baƙi kan ce in wani abu ya faru za su kira, kamar wanda ruwa ya ɗauka yana da hannun latsa waya. Jemima ta ce allon yana nan daram, kuma na yarda da ita, domin taurin kan gado ne. Mu ne abin ji. Gidajenmu a jingine suke da juna, gonar wannan tana gogar ta wancan, amma a watan jiya maƙwabcina, tsoho mai zaman kansa, ya kwana uku da zazzaɓi a bayan katangata, sai kukan awakinsa da ba a ba ci ba ne ya sa na leƙa. Na ji kunya ƙwarai. Ba sai mun kafa ƙusa a zaure ba. Ya isa kowa ya san mutum nawa ne nasa, in rana ta yi sanyi ya duba wanda bai gani ba, kuma kada ya karɓi "yana nan" daga bakin wani.

Kwamanda Levi, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta hutun da ka ƙi yi tun da ka baro teku. Nauyin da ka ɗauko daga can ba mu isa mu sauke maka ba, amma ga abin da muka shaida. Kamaruddeen yana nan da ransa, 'ya'yansa biyar, babbar an kusa kai ta ɗaki. Mahaifiyarsa tana unguwar Bacirawa a Kano, ta tsufa tukuf, kuma saboda kai ba ta taɓa tsayawa gaban kowa ta yi waccan tambayar ba.