Ranar da Kawu Ya Sa Na Kwance Kayana

Jiya na ji ƙamshin ruwan fari, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

A farkon samun mulkin kai, matar wani ma'aikaci a Damagaram ta kore ni daga aikin girki, wai na cika sa ido. Na ɗaure kayana zan koma garinmu Ollelewa, na biya rumfar Kawu sallama. Sai da ya gama tauna goronsa, yadda ya saba, sannan ya ce, "Kwance kayan nan, 'yata. In kin koma da rani, kowa zai ce koro ki aka yi. Jira ki bi masu shuka."

Na zauna sayar da fura har damina ta faɗi. Na shiga garinmu da iri a ka, ba abin da aka tambaye ni sai gajiyar hanya.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.