Ranar da Idris Ya Yanke Sallarsa

Muna raka'a ta biyu ta la'asar a masallacin ma'aikatarmu sai Alhaji Sani, abokin aikinmu da ke zuwa daga Mararaba, ya sulale ƙasa a gefena. Ko tari bai yi ba.

Idris, nas ɗin kilinik ɗinmu, yana sahun baya. Nan take ya yanke sallarsa. Ina tsaye ina jin yana danna masa ƙirji da ƙarfi, yana kiran a kawo mota. Wallahi ban san me na karanta a sauran raka'o'in ba.

Da aka sallame sai wani dattijo ya ce, "Haba yaro, da ka bari an idar mana."

Idris bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, sallar zan rama ta. Zuciyarsa ce ta tsaya, ba za ta jira liman ba."

A barandar asibiti ya rama la'asar ɗinsa. Jiya mun je duba Alhaji, mun tarar yana salla a zaune.

Da Idris bai zo jam'i ba ranar, da idarwa kawai za mu yi. A naku masallacin, wa ya iya?