Igiyar Tsohon Hedimasta

Har yau in na ji ƙarar usur, ko na 'yan ƙwallo ne, sai hannuna na dama ya dunƙule da kansa. Bari in gaya maka dalili.

A unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan, wani tsohon hedimasta ya kafa wa yaran majami'a kulob. Duk wata, ran Asabar, yakan kai mu ganin inda manya ke aiki. Mun je loko, inda Baba ke gyaran kan jirgi, muka dawo da baƙin hanci. Mun je gidan waya, mun je rumbun citta muka yi ta atishawa. Yana da doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, kowane yaro da ƙullinsa. Usur ɗaya mu tsaya, biyu mu tafi. Dokarsa ba ta da yawa: wanda ya saki igiya, babu shi a fita ta gaba.

A waccan damina babbar fitar da muke jira ita ce shiga jirgi zuwa Jos. Ni kuwa Jos nake nema ruwa a jallo, don tun kafin shuka aka ce Mama ta tafi can wurin ƙanwarta. Ta daɗe tana tari, rannan na tashi da safe ba ta nan. A gidanmu yaro ba ya tambaya sau biyu.

Amma kafin Jos akwai fitar zuwa asibiti. Da Kaka, uwar Baba, ta ji, sai ta ajiye muciyar paten acca.

"Kai ba za ka je ba," in ji ta. Kaka kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji.

Na yi birgima a ƙasa. Hedimasta ya zo da kansa, Kaka ta ja shi gindin gwaba suka yi ƙus-ƙus. Na ji ya ce mata, "Mama, kada ki damu, ba za mu bi ta can ba."

Kaka ta bar ni na tafi. A asibitin aka nuna mana ɗakin magani, da tukunyar da ake dafa allurai. Muna tsallaka fili za mu fita, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hedimasta ya ruga da mu barandar da ta fi kusa, ta wani dogon ɗaki da ke can gefe shi kaɗai. Ya hura usur ɗaya, muka tsaya. Ƙullina ya zo daidai wata taga.

Gadaje ne a jere, ana ta tari. A gadon da ke jikin tagar akwai wata mace ta rame ƙwarai, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta. Gefensa da ƙunar dutsen guga. Ni na ƙona shi, ran da na yi wa Mama guga.

Ta dube ni. Ta dubi hannuna a kan igiya. Sai ta ja bargo a hankali ta rufe fuskarta.

Za ka so ka ji na yi ihu. Ban yi ba. Ban ji komai ba, sai sanyin siminti a tafin ƙafata. Abin da ke kaina kawai shi ne, in na saki igiya ba zan je Jos ba, Mama kuma tana Jos. Da ruwa ya tsagaita, usur ya yi biyu, igiya ta ja ni, na bi.

A gida Kaka ta kafe ni da ido. "Me ka gani?"

"Tukunyar allura," na ce. Ta ƙara mini pate.

Kafin wata ya zagayo aka binne Mama a ƙauye, ba a je da yara ba. Hedimasta ya ce a bar ni in shiga jirgin, ko hankalina zai kwanta. Na zauna jikin taga, muka wuce Manchok, duwatsu suna ta wucewa. A tashar Jos na duba fuskar kowace mace.

Yanzu jikokina su ma makaranta na kai su yawon gani, a bas, babu igiya. In wani ya kwanta asibiti, sai a miƙa musu waya su gan shi, su ce masa sannu. Ƙaramarsu ta tambaye ni kwanan baya ko na taɓa zuwa Jos ina yarinya. Na ce na je, ai ban saki igiya ba.